Rasuwar Ɗan Jidda, Katin Hoton da Ya Tsaya wa Matan Dungu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, amma da kai a ɗage, ni Zulaiha Rabo, mai ɗaukar hoton biki da haɗa bidiyo a bayan tashar Matameye, ina sanar da ƴan uwa da abokan arziki na nan gari da na Kurni da Dungu da Damagaram rasuwar abokin aikina, katin hoto na kwamfutata, wanda aka fi sani da Ɗan Jidda. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar mako biyar, yana tsaye a bakin aikinsa.

Ga wanda bai san marigayin ba, wani allo ne baƙi mai tsawon tafin hannu da rabi, yana da fanka biyu a ƙirji, ana soke shi a cikin kwamfuta. Shi ke ɗaukar nauyin duk hoton da ke motsi. In na yanka bidiyon biki na jera, na gyara haske, na sa kiɗa, shi ne ke zama ya dafa aikin har ya nuna, ya fito yadda za a zuba a waya ko a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta. Duk amaryar da ta ga kanta tana sheƙi a wayar ƙawarta cikin shekara takwas ɗin nan, ta hannunsa ta bi.

Kafin in rubuta wannan sanarwa na je wurin Malam Jalaluddeen, limamin unguwarmu, na tambaye shi ko ya halatta in ce Allah Ya jiƙan marigayin. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Zulaiha, ƙarfe ba shi da hisabi. Ki ajiye wannan addu'a ga ƴan Adam. Amma ki gode wa Allah da Ya ba ki shi, kuma faɗin alherin abin da ya yi miki alheri ba laifi ba ne." Na karɓi wannan hukunci. Saboda haka ba addu'a nake roƙo ba. Shaida zan bayar, kuma zan ba da ita duka, ko da wasu za su yi dariya.

An haifi marigayin a wata masana'anta ta gabas mai nisa, kimanin shekara goma da suka wuce. Ba mu san gidan da ya fara yi wa hidima ba. Abin da muka sani shi ne kawuna, Alhaji Salisu, ɗan kasuwa a Damagaram, ya tsince shi a wani shagon kayan hannu a Jidda a kan hanyarsa ta dawowa daga aikin Hajji, ya naɗe shi cikin jallabiya ya kawo mini tsaraba. Da yake a jaka ya kwana, bai tsaya Arfa ba, ba mu kira shi Alhaji ba. Muka ce Ɗan Jidda, sunan ya bi shi.

Ya kasance mai haƙuri. A ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sau biyar a yini, a dawo da shi da ƙarfin da zai ƙone firji, bai taɓa yin fushi ba. Da safe in na kunna shi sai ya ce "wuuu" a hankali, kamar dattijon da ke gyara murya kafin ya yi sallama. In aiki ya yi nauyi sai muryar ta koma "fuuu" mai tsawo, ya riƙe ta awa biyu, awa uku, ba ya ƙorafi. Ya kasance mai riƙon amana. Ni mace ce, shi ya sa ake barina in shiga har ƙuryar ɗaki da kyamara, inda namiji ba ya leƙawa. Marigayin ya ga amare ba lulluɓi, ya ga hajiyoyi suna rawar da mazansu ba su san sun iya ba, ya ga uwar ango tana kuka a bayan ƙyaure. Har ya bar duniya bai faɗa wa kowa ba.

Yana da rauni, ba zan ɓoye ba. Ƙwaƙwalwarsa giga shida ce. In an kawo masa bidiyon sababbin wayoyin nan masu nauyi, sai ya yi tafiyar mai ciwon gwiwa. Amma yakan isa.

A nan ya zama dole in ambaci ƙanena Marwan, mai sayar da wayoyi a Damagaram, domin tarihin marigayin ba zai cika ba sai da shi. Marwan yaro ne mai kirki, mai zumunci, amma Allah Ya jarrabce shi da bin jita-jitar katunan da ba a riga an ƙera ba. Ya san sunan kowane kati tun yana cikin cikin uwarsa. Shekara uku da suka wuce na ce masa ya nemo mini wani katin na hannu in ajiye, saboda Ɗan Jidda ya fara tsufa, kuma mai sana'a ba ya tafiya da jaki ɗaya.

Ya ce, "Yaya, kar ki yi wannan kuskuren. Nan da wata uku sababbi za su fito. Kowa zai zubar da nasa, ki zaɓi wanda kike so."

Wata uku suka wuce, sababbi suka fito, na kira shi.

Ya ce, "Waɗannan ba su ne ba, Yaya. Ana cewa za a sake musu kwaskwarima, a ƙara musu ƙwaƙwalwa da rabi. Wani da ba ya kuskure ya rubuta. Ki jira farkon shekara."

Na ce, "Wane ne shi?"

Ya ce, "Ba a san sunansa ba. Amma ba ya kuskure."

Da ya zo Sallar bara, ya zauna a bencin shagona ya yi mini karatu kan nanomita. Ya ce ma'auni ne na ƙanƙantar sassan da ke cikin kati, wai in an tsaga silin gashi gida dubu goma ba a kai ga siririnsa ba. Ya nuna akwatin kwamfutata da leɓe ya ce, "Wannan tsohon naki sha shida ne. Yanzu ana maganar uku, ana maganar biyu. Wanda za a yi da biyu, abin da naki ke yi a yini zai yi kafin ki gama shan shayi, kuma ba zai sha rabin kuran ɗinsa ba." Duk wannan a gaban marigayin aka faɗa, yana tsaka da dafa bikin ɗiyar mai unguwa. Ya ci gaba da "fuuu" ɗinsa har ya gama, na miƙa wa masu biki kilensu, Marwan yana nan yana lissafa abin da ke tafe.

Haka na yi ta jiran gawon shanu shekara uku. Laifina ne da na saurara, kuma na ɗauka.

Ciwon ajali ya fara ne bayan ƙaramar Sallah, lokacin da bazara ta buɗe baki, bukukuwa kuma suka yi yawa. Alamar farko, wasu ɗigo-ɗigo kore suka bayyana a goshin wata amarya. Na ɗauka kwalliya ce ta zamani, sai na ga sun koma kan hular ango. Bayan kwana biyu fankarsa ta hagu ta fara "kar, kar, kar," tana tsayawa tana tashi. Na ɗauke shi zuwa wurin Sa'adu mai gyaran rediyo da kwamfuta a bakin kasuwa, wanda shi ne likitansa tun zuwansa garin nan. Sa'adu ya kwance shi, ya share, ya sake masa man da ke sanyaya zuciyarsa, ya ɗiga wa fankar mai. Da ya gama ya wanke hannu ya ce, "Zulaiha, gaskiya zan faɗa miki. Dalmar da ke riƙe da zuciyarsa ta gaji. In kin lallaɓa shi da ƙananan ayyuka, zai iya kai damina. In kin ɗora masa kaya, ban ɗauki alkawari ba."

Na yi niyyar lallaɓa shi. Allah Ya sani na yi niyya.

Ranar Asabar da ta gabaci rasuwar, Hajiya Saratu ta sauko daga motar Dungu ta shigo shagona ba ta ko karkaɗe zaninta ba. Ita ce shugabar ƙungiyar mata goma sha tara masu noman garka a fadamar Dungu. Shekara takwas da suka wuce wani dattijo, Malam Haruna, ya ba su aron wani yanki na gonarsa da ya zama kufai. Suka nome, suka haƙa rijiya, suka mayar da shi garkar salati da albasa da kabeji. Daga wannan garka suke sa miya, daga nan suke kai ƴaƴa asibiti. Ba a rubuta takarda ba, domin a lokacin maganar Malam Haruna ta fi takarda. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Yanzu ɗansa mai suna Shekara ya dawo daga Libiya bayan shekaru da yawa, wasu suka gaya masa filin ba a aikinsa yadda ya kamata, kuma ga mai son saye ya dasa rake. Ya kai magana gaban kwamitin filaye na Dungu. An sa ranar Alhamis, an ce kowane ɓangare ya zo da hujjarsa.

Hajiya ta ce, "Ɗiyata, ba mu da takarda. Amma ke kin sha zuwa kina ɗaukarmu, tun ranar da muka fara sare ƙaya. Hotunan suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Hajiya. Amma a warwatse suke cikin aikin shekara takwas, kuma abokin aikina ba shi da lafiya."

Ta dubi akwatin kwamfutar ta ce, "Ni ma ba ni da lafiya. Ga ni na zo."

Na kira Marwan a gabanta. Na ce ko na aro ne ya samo mini kati ya sa a motar gobe. Ya ce, "Yaya, yanzu ne mafi munin lokaci. Manyan gidajen da ke horar da na'urori masu tunani sun kwashe ƙwaƙwalwar duniya, komai ya yi tsada, har ana cewa an ɗage fitowar masu kwaskwarimar. Amma wasu na cewa ba a ɗage ba. In kika yi haƙuri zuwa..." Na kashe wayar. Wannan ne karo na farko da na kashe wa ɗan uwana waya, kuma ban yi nadama ba.

Ranar Lahadi na yini ina tono. Na sami ranar sare ƙaya, na sami haƙar rijiya, na sami girbin albasa na kowace shekara da kwanan watansa a jiki. Can cikin hotunan wani suna da na ɗauka a Dungu shekara shida baya, na ci karo da abin da na manta da shi sam. Bayan an watse daga sunan na bi matan zuwa garka da yamma, sai ga Malam Haruna zaune a kan tabarma gindin mangwaro, an ajiye masa kwandon salati. Daƙiƙa arba'in ne kacal. Rana ta riga ta faɗi, hoton ya yi duhu, hannuna yana rawa saboda gajiya. Da ƙyar za ka ce mutum ne, balle ka ce wane. Muryar dai tana fita.

Na san abin da gyaran wannan hoto zai ci. Sai an tsayar da rawar, an ɗaga hasken, an tace hatsi-hatsin duhun ɗaya bayan ɗaya. Irin aikin da Sa'adu ya hana ke nan. Na je na gaya masa. Ya rufe shagonsa ya biyo ni. Ya cire murfin akwatin, ya kafa babbar fanka ta tsaye tana hura cikinsa, muka jiƙa buhu muka rataya a taga. Ya ce in raba aikin kashi uku, kowane kashi a dafa shi daban, domin in abu ya faru kada a rasa duka. Ya ce a fara da an sallame sallar asuba, a tsaya kafin rana ta take.

Ranar Litinin kashi na farko ya fito lafiya, shekara biyu na farko. Marigayin ya yi ta "kar, kar" yana komawa "fuuu," amma bai jefa ɗigo ko ɗaya a fuskar kowa ba.

Ranar Talata muka shiga kashi na biyu, inda Malam Haruna yake. Daƙiƙa arba'in ɗin nan sun ci masa awa biyu. Ina zaune ina kallon layin da ke nuna ci gaban aiki yana rarrafe, Sa'adu yana taɓa bayan allon yana janye yatsa. Sau biyu ya ce, "A tsaya ya huta." Sau biyu na ce, "In ya tsaya ba zai tashi ba." Ina faɗin wannan a fili domin kada a ɗora wa Sa'adu. Ni na yanke shawara.

Kashi na biyu ya fito. Na buɗe, sai ga fuskar Malam Haruna sarai, har farin gashin girarsa.

Na ɗora kashi na uku, shekarun baya-bayan nan. Ya ɗauka. Ya yi tafiyar minti goma sha ɗaya. Sai fankar hagu ta tsaya cak. Ta dama ta ɗaga murya, wata irin ƙara da ban taɓa ji daga gare shi ba, "wiii," siririya kamar kukan jinjiri. Layuka kore suka sauko daga saman allon kallo har ƙasa, sannan komai ya yi baƙi. Wani ɗan wari ya tashi kamar an ƙona gashi. Sa'adu ya zare waya daga bango, ya ciro shi da tsumma saboda zafi, ya gwada duk abin da ya sani har azahar. Daga ƙarshe ya ajiye shi a kan tebur, ya rufe shi da hankicinsa, ya ce, "Sai haƙuri."

Ba mu sami lokacin kuka ba. Sa'adu ya ciro ma'ajiyar kwamfutar ya kwashe kashi biyun da suka nuna ya zuba a kile. Kashi na uku kuwa ɗanye ne, awa tara a warwatse, kuma kwamiti minti ashirin ya ba mu. Na gaya wa Hajiya Saratu a waya cewa shekarun da ake gardama a kansu su ne ba su fito ba. Ta ce, "Kawo abin da ya samu."

Ranar Alhamis aka taru a wani ɗaki na meri, wato ofishin magajin gari, a Dungu. Muka aro majigi, muka rataya farin zanin gado a bango. Matan suka zauna gefe guda a kan tabarmi, Shekara da mutanensa a kan benci, ƴan kwamiti a gaba. Shekara dogo ne, ramamme, bai yi kama da azzalumi ba. Ya yi kama da wanda ya dawo gida hannu wofi yana neman abin da zai tsaya a kai.

Kashi na farko ya wuce, ana ta gyaɗa kai. Aka shiga na biyu. Da mangwaron ya bayyana, na ga Shekara ya gyara zama. Sai ga mahaifinsa a bango, ya fi girman mutum, yana ɗaga ganyen salati yana dariya. Muryarsa ta cika ɗakin: "Wannan wuri a da kura ke kwana a ciki. Ku dube shi yanzu. Muddin suna ba shi ruwa, nasu ne su ci. Ko bayan raina kada wanda ya tashe su."

Shekara ya ce, "A maimaita."

Na maimaita. Ya sake cewa a maimaita. A karo na uku bai kalli bangon ba, ya sa fuska cikin tafin hannu yana saurare. Daga baya na ji cewa yana Libiya mahaifin ya rasu, labari bai same shi ba sai bayan arba'in, kuma ba shi da hotonsa ko ɗaya mai motsi.

Wani ɗan kwamiti, mai son a bi ƙa'ida, ya ce, "To, mun ga na da. Amma ƙarar a kan shekarun nan ne. Ina shaidar ana aikin filin yanzu?"

Na buɗe baki zan yi bayanin rasuwar, Hajiya Saratu ta ɗaga mini hannu. Ta tashi da ƙyar, ta jawo wani buhu daga bayanta, ta zazzage shi a gaban teburinsu. Albasa ce, da ƙasarta a jiki, wasu suka gangara har ƙarƙashin benci. Ta buɗe tafukan hannunta biyu ta nuna musu kantar da ke ciki. Ta ce, "Ga kashi na uku. Yau da safe aka cire. Wanda bai gamsu ba, garkar ba ta da nisa, mu tafi."

Ba a je ba. Shekara ya ɗago ya ce, "Baba ya riga ya yi magana. Ni wane ne." Aka rubuta takarda a ranar: fili na gidan Malam Haruna ne, mata za su ci gaba da aikinsa muddin suna ba shi ruwa, an kuma yanka wa Shekara gefen gabas da matan ba su kai gare shi ba, ya dasa rakensa da kansa. Da za mu fita ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba, ya ce, "Malama, wannan ɗan guntun, za a iya sa mini a waya?" Na sa masa.

Marigayin ya rasu ya bar babban allon kwamfuta da suka zauna tare shekara takwas ba a taɓa jin kansu ba, da tagwayen ƙwaƙwalwa guda biyu, da allon kallo wanda har yanzu bai ce uffan ba. Ya bar bukukuwa sama da ɗari uku a wayoyin jama'a daga nan har Kano da Agadas. Ya bar biki huɗu da suna biyu da bai kai ga dafawa ba, kuma ina roƙon masu su su ƙara mini mako guda.

Akwai saƙonni da iyalan marigayin suka ga ya wajaba a isar.

Ga samarin da suka rubuta a ƙarƙashin hotonsa da na sa a intanet cewa dama ya daɗe da mutuwa, binnewa ce ta yi jinkiri: na gani, na kuma san iyayenku. Ku nuna mini abin da katin mafarkinku ya taɓa yi wa wani a ƙasar Kance, in ya so mu zauna mu gwada.

Ga mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya zo tun gawa ba ta huce ba yana tambaya ko akwai jan ƙarfe a ciki: akwai, kuma ba na sayarwa ba ne. Kada ka dawo.

Ga masu ƙera katuna a can inda suke, in wannan takarda ta isa gare ku: ba ni da faɗa da ku. Ku ƙanƙanta abinku ya kai biyu, ya kai ɗaya, ya ɓace gaba ɗaya in kun ga dama. Ku fitar a farkon shekara ko ku ɗage, ku ƙara ƙwaƙwalwa ko ku rage. Abin da kuka yar shekara goma baya shi ya tsaya wa mata goma sha tara a gaban kwamiti. Mu nan ba a kalandarku muke aiki ba. Amarya ba ta ɗage ranar aurenta domin ku, albasa ma ba ta jira.

Ga ƙanena Marwan kuwa, na riga na rubuta masa sakin layi mai zafi, sai ya zama dole in goge. Jiya Asabar ya sauko daga motar Damagaram da wani abu naɗe cikin tawul. Ya ajiye a kan teburina bai zauna ba. Katin kwamfutarsa ne ta gida, wadda yake wasanni da ita, wanda ya fi marigayin ƙuruciya da shekara huɗu. Da hannunsa ya cire.

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ni zan jira sabon, Yaya. Na saba. Ke ce ba ki da lokacin jira."

Na karɓa. Sa'adu zai soke shi ranar Talata, kuma aikinsa na farko shi ne kashi na uku, ko da shari'a ta wuce, domin ba a barin aikin mamaci a rataye. Ba zan raɗa masa suna ba sai na ga halinsa.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ba za a sa marigayin a ƙasa ba, domin Sa'adu ya ce akwai dalma a jikinsa da za ta ɓata ruwan rijiya, kuma marigayin bai cuci kowa da rai ba, ba zai fara bayan mutuwa ba. An wanke shi da burushi da ruwan gyara a shagon Sa'adu, an naɗe shi cikin farin yadi. Kafinta ya yi masa ƙaramin akwati mai fuskar gilashi, za a kafa shi a bangon shagona, sama da bencin masu jira.

Za a ɗauko shi gobe Litinin bayan sallar la'asar, daga shagon Sa'adu, a bi ta bakin kasuwa, a zagayo ta tasha. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar shagona har zuwa magariba, yini ɗaya tak, domin akwai aiki. Za a raba rake da salati daga Dungu. Mai zuwa ya zo da tabarmarsa. Wanda ya san zai buɗe baki ya ce sabo na nan tafe, ya yi zamansa a gida, mun yafe masa gaisuwar.

An saba mata ba sa rakiyar gawa. Na koma wurin Malam Jalaluddeen a kan wannan, ya ce ya riga ya gaya mini ƙarfe ne, in daina wahalar da shi. Saboda haka matan garkar Dungu ne za su ɗauko shi, sun riga sun yi magana da direban da zai kawo su. Na gaya wa Hajiya Saratu cewa marigayin da akwatinsa ba su kai nauyin tiyar gero ɗaya ba, mutum guda ya isa, ba sai sun bar ban ruwa su goma sha tara ba.

Ta ce ba shawarata ta nema ba, lokaci ta tambaya.

Ƙarfe huɗu da rabi ne.